Tambayar da Kakana Bai Taɓa Yi Mini Ba

Ƙarfe biyar saura kwata na yammacin wata Lahadi abin ya fara lalacewa tsakanina da Kakana, kuma ba na jin ya taɓa sanin lokacin. Ni na sani, domin ni ce mai rubuta lokaci a saman kowane shafi. A daidai wannan lokacin wata budurwa mai haya a gidanmu ta tsaya a tsakiyar zaure da tulu a kafaɗa, ta faɗi wata magana a kan faifan da ake saurare, sai Kakana ya ɗaga allurar garmaho alhali waƙa ba ta ƙare ba. Bai taɓa yi wa kowa haka ba. Shekara bakwai ke nan.

Yau kwana goma sha ɗaya da rasuwarsa. Na Allah ne, kuma gare shi ya koma, da hantsin wata Talata, a ɗakinsa na Ɗorayi, Kakata tana riƙe da kofin kunun da bai sha ba. Na ɗauki biro ne don kada a manta da shi. Amma tun da na fara na gane ba zan iya rubuta shi ba sai na rubuta abin da ke cina a kansa, don haka mai karatu ya yi haƙuri da ni.

Mutane sun zo gaisuwa fiye da yadda muka zata. Tsofaffin abokan aikinsa na kamfanin fata a Challawa sun zo a motar kamfani, suka cika tabarmin ƙofar gida, warin jima bai bar jikinsu ba duk da wanka da turare. Ɗaya daga cikinsu ya ce wa Kawuna, "Hannun Malam ba ya ƙarya. In ya shafa fata ya ce lamba biyu ce, ko Bature ya zo da gilashinsa lamba biyun ce." Wani tsohon makaɗi da ba mu san shi ba ya zo tun daga yamma da sandarsa, ya ce labari ya taɓa kai masa cewa akwai wani majemi a Kano da ya ji faifansa ya ce gangarsa ta tsufa. Ya ce ya kwana uku yana fushi, a rana ta huɗu ya sauya fatar. Mutumin Damagaram, wanda ya fi shekara goma yana zuwa zaurenmu duk Lahadi, bai zauna tare da jama'a ba. Ya shiga zaure ya zauna a gurbinsa na kullum, yana kallon garmahon da aka lulluɓe da zane.

A cikin gida kuwa, ita ce aka yi ta ba wa haƙuri. Waccan budurwar da na ambata, wadda Kakana ya sa wa suna Mai Tulu, yanzu matar aure ce da goyo. Ta shigo tana kuka da ƙarfi irin na mutanensu, har Gwaggona ta riƙe ta tana cewa, "Yi shiru haka, 'yar nan, addu'a yake so." Mata suka kewaye ta, kowa na cewa, "Sannu, kin yi rashin uba." Ni da nake jininsa ina zaune a gefen randa, sai mai wucewa ta dafa kaina ta ce, "Akawun Malam, ya haƙuri?" ta wuce. Ina jin kunyar faɗar wannan, amma a ranar da aka kai Kakana makwancinsa, rabin abin da ke ƙirjina ba baƙin ciki ba ne.

Bari in faɗi wane ne shi.

Aikinsa ware fata. Da sassafe yake hawa kekensa ya nufi Challawa, ya tsaya a gaban tulin fatun awaki ya yi ta shafawa yana jefawa, wannan dama, wannan hagu, wannan baya. Ba ya dubawa sosai, yatsunsa ne ke gani. Tafin hannunsa ya rine, launin bagaruwa ya zauna masa har cikin farce. Kakata takan ce ta auri mutumin da ba ta taɓa ganin ainihin launin hannunsa ba. Tun yana saurayi makaɗa suke zuwa wajensa neman fatar da za a ɗaura wa ganga, daga nan kunnensa ya buɗe. Shi ba ya kiɗa, ba ya waƙa, ko kaɗa kai ba ya yi. Saurare kawai.

Duk lokacin da sabon faifai na manyan makaɗan gargajiya ya fito, masu taushi da kotso da goge irin na da, sai ya biya ta Sabon Gari ya ɗauko shi, ya ɗaure a bayan keke tsakanin kwali biyu. Ba zai sa shi ba sai Lahadi bayan la'asar, ranar da ba aiki. Ko Kakata ta ce, "Malam, a ɗan ɗora mana mu ji," sai ya ce, "Sabon faifai ba a jin sa da kunne biyu kawai. A jira mutane."

Yana da ƙa'idoji, kuma ba ya sassautawa. Ana goge faifai da wani ƙyallen fatar ɗan akuya mai laushi, shi kaɗai ke taɓawa. Ana sa waƙa sau biyu. A na farko ba magana, ba tari, ba shan shayi. Bayan na biyu sai ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: "Me ka ji?" Wanda duk ya ce "da daɗi" ya shiga uku.

"Daɗi ba amsa ba ne," in ji shi. "Shayin nan ma da daɗi. Me ka ji?"

Masu zuwa ba su da yawa. Akwai Kawuna, ƙanen mahaifiyata, direban babbar mota a wani kamfanin alewa a Bompai, wanda ba ya taɓa rasa ta cewa. Akwai mutumin Damagaram, mai aikin rini a masaƙa, wanda kan yi shiru har a manta da shi sannan ya jefo magana ɗaya. Akwai wasu biyu ko uku da ke zuwa su tafi. Sai ni.

Ina aji biyu na sakandare aka yi wata gardama a zauren a kan abin da wani ya ce watanni uku da suka wuce. Kakana ya leƙo cikin gida ya same ni ina karatu a bayan ƙofa, inda na saba ɓuya idan an yi baƙi. Ya ce, "Ke mai boko, ɗauko littafi." Daga ranar na zama Akawu. Aka ajiye mini 'yar kujera a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida, rabin jikina a zaure rabi a tsakar gida. Nakan ja layi da rula, in rubuta rana da lokaci da irin kiɗan, sannan maganar kowa a ƙarƙashin sunansa, ba ragi ba ƙari. Ba na iya haɗa ido da kowa, amma ba abin da ke wuce ni. Idan gardama ta tashi sai Kakana ya ce, "A duba littafi," in miƙa wa Kawu ya karanta, magana ta mutu. Na ji daɗin wannan matsayi. A zatona ina hawa ne a hankali, wata rana zai juyo ya ce, "Akawu, ke fa, me kika ji?" Har amsoshi nake shiryawa a raina, ina gyara su kamar jimlar jarrabawa.

Sai ga waccan Lahadin.

Ita 'yar kudancin Kaduna ce, Kirista, tana aikin injin saƙa a Sharaɗa, ta kama ɗakin da ke kusa da rijiya. Ta girme ni da kamar shekara huɗu. Ranar Lahadi takan je taron zumuntar matan cocinsu, inda take buga tulu, irin wanda ake dukan bakinsa da tafin hannu. Tana dawowa ta ratsa zaure, faifan wani makaɗin kotso yana zagaye na farko, lokacin da ba a magana. Ta yi sallama ƙasa-ƙasa, ta kusa wucewa ta gefena, sai ta tsaya.

Ta ce, "Baba, wannan da damina aka ɗauke shi."

Kawu ya zaro ido. Kakana ya ɗaga allura.

"Wa ya faɗa miki?"

"Ba kowa. Ganga ɗaya ta sha sanyi, tana zuwa a bayan 'yan'uwanta. A garinmu in ta yi haka sai a kai ta bakin wuta."

Kakana ya mayar da allura daga farko. Ya sunkuyar da kai har gemunsa ya taɓa ƙirji. Can sai ya ɗago yana murmushin da ban san yana da shi ba.

"Tun ɗazu nake jin abu yana damuna, na rasa mene ne. Sauke tulun nan, Mai Tulu. A ba ta tabarma."

Na rubuta lokacin. Na duba shafin kwanan nan, rubutun a miƙe yake.

Kawu bai so ba. Bayan an watse na ji shi yana cewa, "Malam, mace a zaure cikin maza, kuma ba ma tamu ba? Me mutane za su ce?"

Kakana yana goge faifai ya ce, "Jikata ma mace ce, shekara guda tana nan ba ka ce komai ba."

"Ai ita rubutu take yi."

"To wannan ji take yi. Kai shekara nawa kana zaune a nan, ka taɓa jin damina a faifai?"

Kawu ya yi sati biyu bai zo ba, sannan ya dawo da ledar alewa kamar ba a yi komai ba. Ni kuwa maganar tasa ta zauna mini: ai ita rubutu take yi. Kakana bai musa ba.

Daga nan tambaya ta koma farawa daga kanta. "Mai Tulu, me kika ji?" Kuma tana ji. Ita ce ta ce wani mai goge sabon gashi ya ɗaura, bai gama sabawa da hannunsa ba. Ita ce ta ce 'yan amshin wani makaɗi sun ragu da mutum ɗaya, mai siririyar murya. Wani lokaci takan kuskure, Kawu ya tafa hannu ya ce, "Yau kunnen coci ya toshe!" ita ma ta fashe da dariya ta ce, "Kawu, ko toshe yake ya fi naka mai jin hon kawai." Kakana ya yi ta dariya har da share ido. Ni ban taɓa sa shi dariya ba.

Wata rana ya lura tana karkato kunnen hagu idan ana magana. Ya tambaye ta, ta ce ƙarar injin ce, idan ta tashi aiki sai ta yi awa guda tana jin kamar ƙudan zuma a kanta. Ran nan bai ci abincin dare da daɗi ba. Washegari ya samo kakin zuma da auduga, ya zauna ya mulmula mata 'yan ƙwallaye guda shida daidai ramin kunne, ya ɗinka musu 'yar jaka ta jar fata. Ya ce, "In kin shiga ki toshe, in kin fito ki cire. Masaƙa za ta sami wani ma'aikacin, ke ba za ki sami wani kunnen ba." Alheri ne, kuma na san alheri ne. Na tsaya a bayan ƙofa ina kallon jakar nan kamar an cire ta daga jikina.

A nan ne na yi abin da har yanzu nake jin nauyinsa. Na daina rubuta maganarta. Kowa yana da sunansa da layinsa, ita kuwa idan ta gama sai in rubuta: "Wata mai haya ta yi magana." Shi ke nan. Na yi haka wata biyar. Ban ji tsoro ba, domin Kawu ne ke karantawa, shi kuma nasa layin kawai yake nema. Ita kuwa na ɗauka ma'aikaciyar masaƙa da ta baro ƙauye ba ta san baƙi ba.

Asirina ya tonu ta dalilin haƙori. Ta taɓa cewa wani babban mawaƙi ya rasa haƙorin gaba, domin iska tana fita a wasu kalmominsa a sabon faifai. Aka yi mata dariya. Bayan watanni mutumin Damagaram ya dawo daga biki ya ce ya ga mawaƙin da idonsa, wawulo ne. Nan take Kawu ya ce ai shi ya fara faɗa.

"Kawu, ka ji tsoron Allah!" in ji ta.

"A duba littafi," in ji Kakana.

Kawu ya karɓa ya yi ta juya shafi yana cewa rubutun ya yi ƙanana. Sai ta miƙo hannu. "Kawo in gani."

Ta buɗe ta fara karantawa da ƙarfi, tiryan-tiryan, ta fi Kawu sauri nesa ba kusa ba. Ashe tun tana ƙarama take karanta Hausa a littafin waƙoƙin cocinsu. Ta karanta maganar Kawu, ta mutumin Damagaram, ta Kakana. Sai ta zo: "Wata mai haya ta yi magana." Ta juya shafi. "Wata mai haya ta yi magana." Ta sake juyawa. Sau huɗu ta karanta layin nan, muryarta ba ta sauya ba. Sannan ta rufe littafin ta miƙo mini da hannu biyu.

Ta ce, "Rubutunki da kyau."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ba wanda ya dube ni. Kakana ya ce a juya faifai, aka ci gaba.

Bayan kowa ya tafi ina tattara kofuna, ya yi magana ba tare da ya ɗago ba. "A wurin aikinmu akwai wanda ya taɓa jefa fata lamba ɗaya cikin lamba uku don ba ya shiri da dillalin da ya kawo ta. Fatar ba ta sauya ba. Shi dai aka daina yarda da hannunsa." Ya busa ƙura daga allura. "Gobe ki sayi sabon littafi. Ki je ɗakinta ta faɗa miki abin da ta ce, ki mayar."

Asabar huɗu na yi ina zuwa ɗakinta. Takan shimfiɗa mini tabarma, ta ba ni gyaɗa, ta kwanta rigingine tana tuno faifai ɗaya bayan ɗaya, har takan rera ɗan wurin da take nufi. Ba ta taɓa tayar da maganar ba. Na so a ce na fito daga ɗakin nan da wankakkiyar zuciya. Ba haka aka yi ba. Duk layin da na mayar sai na ga ya fi abin da na shirya a raina kyau, sai abin ya ƙara cina.

Shekaru suka tafi a haka. Kaset ya shigo, Kakana ya karɓe shi da ƙyar. Yakan ce faifai kana ganin inda waƙa take, ka sa allura a kai, shi kuwa wannan sai ka yi ta lalube kamar mai neman akuya a duhu. Na gama sakandare na shiga kwalejin horon malamai, amma duk Lahadi ina kan kujerata. Na cika littafi tara.

Akwai rana ɗaya da na tabbata zai tambaye ni.

Wani Bature injiniya a kamfaninsu zai koma gida, sai ya ba Kakana kyautar wani babban faifai sabo fil, ko ledarsa ba a yage ba, ya ce irin kiɗan manyansu ne na da, kwanan nan aka sake ɗaukarsa. A jikin kwalin akwai hoton wani tsoho da 'yar sanda a hannu, idonsa a rufe. Kakana ya bi da shi kamar kowane faifai. Ya goge, ya ɗora, aka yi shiru.

Ba waƙa, ba kirari, ba amshi. Goge ne kamar ɗari a wuri ɗaya, da sarewa, da wasu abubuwan busa da ba mu san su ba. Gefe ɗaya kawai ya fi minti ashirin. Tun ba a kai rabi ba Kakata ta ɗago murya daga tsakar gida ta ce, "Malam, wa ya rasu?" Ba wanda ya amsa, don ƙa'ida.

Da aka gama na biyu Kawu bai jira a tambaye shi ba. "Ni dai har aka gama ina jira su fara."

Mutumin Damagaram ya ce, "Mutum nawa ne wannan? Duk wanda ya gayyato su biki ya gama yawo."

Kakana ya ce shi abu ɗaya ya kama. Akwai wata babbar ganga da ta yi magana sau uku kacal, can wajen ƙarshe. "Fatar maraƙi ce, kuma an ja ta da kyau. Mai ita ya yi zaman minti ashirin don bugu uku. Wannan mutum ne mai haƙuri." Sannan ya juya. "Mai Tulu, me kika ji?"

Ta sosa kai. "Baba, wallahi yau ban gane komai ba. Na rasa inda zan sa ƙafa."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Madalla! Gara da kika faɗi gaskiya." Ko rashin ganewarta daɗi yake masa.

Ni kuwa na ji wani abu. A farkon faifan akwai wata 'yar gajeriyar murya da sarewa ta yi, mai sauri, kamar yarinya tana tsalle a hanyar rijiya. Ta ɓace cikin hayaniya. Can kusa da ƙarshe sai ta dawo, ita ce dai ba wata ba, amma a bakin wani babban goge mai kauri, a hankali, kamar yarinyar ce ta tsufa take bin hanyar da ta sani. Ba wanda ya ambata. Na tabbata ba wanda ya ji sai ni. Na ajiye biro a kan littafi, abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga kai na dubi Kakana.

Idonsa ya zagayo ya iso kaina. Ya tsaya. Na ga leɓensa ya motsa. Mun yi kamar numfashi uku muna kallon juna.

Ya ce, "Akawu, kin samu duka?"

Na ce, "Na samu."

Na ɗauki birona. Daga ranar ban sake shirya amsa ba.

Ciwon nasa bai daɗe ba. Ƙirji ne, likita ya ce shekarun da ya yi yana shaƙar magungunan jima ne suka taru. Ya bar aiki, ya rame, amma Lahadi ba ta fasa ba sai makonni uku na ƙarshe. Ina zuwa daga makaranta in zauna a gefen gadonsa, ya tambaye ni jarrabawa, ya tambaye ni ko ana ba mu abinci sosai. Sau da yawa maganar takan zo bakina, in haɗiye. Allah ya jiƙansa, ya sanyaya makwancinsa, ya sa hannun nan da bai taɓa cutar kowa a ma'auni ba ya karɓi littafinsa ta dama. Ban san mutumin da ya fi shi gaskiya ba, kuma ban san wanda ya fi shi iya saurare ba. Shi ya sa abin ya yi mini ciwo.

Bayan sadakar bakwai Kakata ta kira ni. Ta ce ya bar wasiyya a gaban Kawu, garmaho da faifai duka a kai wa Mai Tulu. "Ke za ki kai, ke kika san yadda ake jera su."

Na jera su tsakanin kwalaye, Kawu ya kai ni Kumbotso inda take aure, ya sauke kayan ya ce zai dawo ya ɗauke ni. Na same ta tana tankaɗe a tsakar gida, goyonta yana barci a baya. Da ta ga garmahon sai ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da zane. Na jira ta gama. Na ƙirga mata faifan ɗaya bayan ɗaya don kada a ce wani ya ɓata a hannuna. Da na zo kan na Baturen sai na kasa ajiye shi.

Ban shirya ba, maganar ce ta fito da kanta.

"Yaya, shekara takwas ina zaune a bakin ƙofar nan. Ya tambayi kowa, har almajiri mai wucewa in ya tsaya sai ya tambaye shi. Me ya sa ni bai taɓa tambayata ba?"

Ban taɓa ce mata Yaya ba sai ranar. Ta goge ido ta dube ni, ta dubi faifan da ke hannuna.

"Ranar wannan faifan na ga kin ajiye biro," in ji ta. "Da aka watse na koma na same shi. Na ce, Baba, yarinyar nan tana da magana, me ya sa kuka wuce ta?"

"Me ya ce?"

"Ya ajiye ƙyallen goge faifai. Sai ya ce, 'Kin ga yadda ake yi wa mutum dariya a zauren nan. Ke ana yi miki ki rama. Ita in na tambaye ta a gaban mutane ta kuskure aka yi dariya sau ɗaya, ba za ta sake fitowa bakin ƙofar nan ba. Ni kuma in na ɗaga kai ban gan ta a wurin ba, ban san me zan ji a faifan ba.'"

Na zauna a kan turmin da ke kife kusa da ni. Yaron ya motsa, ta jijjiga shi.

Na ce, "Wato ya ɗauka kuskure zan yi."

Ta girgiza kai.

"Bai sani ba, Akawu. Ya so ya sani ƙwarai. Tsoro ne ya fi ƙarfinsa, har ya tafi bai sani ba."